Kurakuran da muke yi ranar yawon daji da wankan teku a Zanzibar

Duk wanda ya tashi a Damagaram gani yake ba mai koya masa zafi. Da wannan tunanin muka sauka Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ni da ƙanena, aka haɗa mu da ɗan jagora: da safe dajin Jozani, da rana wanka a bakin tekun Paje. Abin da na lura shi ne, sabon da muka yi da gida shi ya fi ruɗin mu a can.

Zafinmu na Afrilu busasshe ne, zufa na fita iska na shanye ta. Can iskar a jiƙe take, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa. Ƙanena ya sa shadda mai sitaci, kafin rabin awa ta manne masa a baya, yana haki. A sa yadi mara nauyi, a riƙe ruwa kamar lita 2, a riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta zo ba. Silifa ma a ajiye ta, don ƙasan dajin saiwoyi ne da duwatsu masu kaifi. Takalmi rufaffe ake so. Birai masu jan baya da ke dajin kuwa, waɗanda asalinsu na tsibirin ne kaɗai, kada a miƙa musu abinci, kada a taɓa su, cutarmu na iya kama su.

Sai agogo. Zanzibar na gaban Nijar da awa 2, sannan masu jin Swahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, ƙarfe biyunsu na safe shi ne ƙarfe 8 a agogon can, in an ƙirga irin namu. A sa jagora ya nuna lokacin a fuskar waya.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali na ruwa ne. Yaron da ya koyi iyo a tabki da damina, ko ya taɓa shiga tabkin Gidimuni, zai ce ya iya ruwa. Tabki a kwance yake, teku kuwa tafiya take. Sau biyu a kwana da yini take cika ta janye, kuma a gabashin tsibirin janyewar na da nisa ƙwarai, har mutum ya yi ta taka yashi yana bin ta. In ta juyo, ramukan da ya ratsa ruwa iya ƙauri sai ya tarar sun kai masa wuya. Na ji jagoranmu ya ɗaga murya: "Alhaji, ka dawo haka nan!" Ƙanena bai ga komai ba a lokacin, amma kafin mu gama shan ruwan kwakwa wurin da ya tsaya ya shafe. A tambayi lokacin cikar ruwa kafin a tuɓe riga. In igiyar ruwa ta ja mutum ciki, kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, har ta sake shi. Rigar hana nutsewa ba abin kunya ba ce, ko ga mai gemu. Mata kuma su nemi kayan wanka masu rufe jiki, don doguwar hijabi in ta sha ruwa nauyi take yi, ta naɗe ƙafa. A ƙarƙashin ruwan akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya, in aka taka ta ƙayar karyewa take cikin tafin ƙafa, saboda haka a shiga da takalmin roba.

Lokacin azahar wasu kan tsaya neman ruwan gora, alhali alwala da ruwan teku ta halatta, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa. Da na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas yadda na saba, sai jagoran, wanda shi ma Musulmi ne kamar galibin mutanen tsibirin, ya dafa kafaɗata a hankali ya juya ni. Daga Zanzibar, Makka arewa take.