Yadda Ake Tsaya wa Ma'aikatan Gona a Kan Lafiyarsu da Haƙƙinsu

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta daɗe tana lissafa aikin gona cikin sana'o'i uku mafi haɗari a duniya, tare da haƙar ma'adinai da gine-gine, amma duk da haka ɗan ƙwadagon gona shi ne wanda dokokin aiki suka fi tsallakewa. Ko a Amurka, dokar 1935 da ta ba ma'aikata damar haɗa kai su yi ciniki da masu ɗaukarsu aiki, cire leburorin gona ta yi daga cikinta. Aikin na lokaci ne, gonakin suna nesa da ofisoshin hukuma, akasarin ma'aikatan ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma da yawansu 'yan ci-rani ne da za su watse da zarar an gama girbi. Saboda haka duk wanda ya ɗauki niyyar tsaya masu, lauya ne ko ma'aikacin lafiya ko ɗan ƙungiya ko ɗaya daga cikinsu, ya sani tun farko cewa ƙarfinsa yana cikin abu biyu, wato shaidar da aka tara a rubuce da kuma haɗin kan ma'aikatan su kansu.

A fara da sauraro, kuma a yi shi a wajen gona, bayan an tashi daga aiki, inda shugaban lebura ba ya gani. Mutumin da abincin iyalinsa ya rataya a kan a sake kiransa gobe ba zai faɗi gaskiya a gaban wanda ke kiran ba. Kada ka tambaye su ko ana tauye masu haƙƙi, domin tambaya ce mai faɗi wadda amsarta kullum ita ce babu komai. Ka tambayi ƙarfe nawa suke farawa, ƙarfe nawa suke tashi, wa ke kawo ruwan sha, wa ya sayi safar hannun da suke sawa, wa ya ji rauni a bana, kuma wa ya biya kuɗin asibitinsa. Sau da yawa abin da ka zo da shi a ranka ba shi ne ya fi damunsu ba. Kai kana tunanin guba, su kuwa ladan mako uku da aka riƙe masu ne ya hana su barci. Ka fara da nasu, domin idan suka ga an ci nasara a ƙaramin abu da suka zaɓa da kansu, za su yarda su bi ka zuwa babba.

Daga nan sai a gano wanda shi ne ainihin mai ɗaukar aikin, kuma wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. A manyan gonaki da dama ɗan kwangila ne ke kwaso lebura, shi ke biyansu, mai gonar kuma ya ce bai san su ba. Idan rauni ya faru, kowanne sai ya nuna ɗan'uwansa. Ka rubuta wa ke ba da umarni a gonar, kayan aikin na waye, wa ke ƙayyade lada, kuma wa ke sayen amfanin gonar a ƙarshe, domin kotuna a ƙasashe da yawa suna duba wanda ke da iko da aikin a zahiri.

Maganin feshi ne ya kamata a fi daɗewa a kansa, domin a nan ne rashin sani yake kashe mutum cikin sa'o'i kaɗan. Ka tsaya ka kalli mai feshi da injin goyo na minti goma. Za ka ga murfin tankin yana yoyo, ruwan maganin yana jiƙa masa riga tun daga kafaɗa har ƙugu, yana tafiya cikin hazon da shi da kansa ya fesa saboda iska ta juyo, idan bakin injin ya toshe kuma ya cire shi ya hura da bakinsa, sannan ya share gumi da hannun da ya dama maganin. Yawancin gubar ta fata take shiga, kuma fata mai gumi ta fi saurin tsotsa. Magungunan ƙwari na ajin oganofosfet suna hana wani sinadari da ke daidaita saƙon jijiyoyi yin aikinsa, shi ya sa wanda suka kama yake dalalar da miyau, gumi ya keto masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, ya yi amai da gudawa, naman jikinsa ya riƙa rawa, numfashi ya yi masa wuya. Duk wanda ya nuna waɗannan alamu, a janye shi daga wurin, a cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabulu, idan maganin ya shiga ido a riƙa zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin ko hoton takardar jikinta. Kada a sa shi amai da gangan, kada kuma a ɗura masa madara ko mai da sunan karya guba. Kwalbar tana da muhimmanci ƙwarai, domin allurar atrofin da ke ceton wanda oganofosfet ya kama ba ta yin komai ga wanda ya haɗiyi parakwat, maganin ciyawar da ba shi da makari kuma yake lalata huhu, wanda aka hana amfani da shi a Tarayyar Turai tun 2007.

Abin da za a nema daga mai gona a nan a bayyane yake. Shi ne zai samar da safar hannu da takalman roba da takunkumi da tabarau da rigar aiki ba tare da ya cire kuɗinsu daga lada ba, ya ajiye ruwa da sabulu a bakin gona, ya koya wa masu feshi karanta takardar magani cikin harshen da suke ji, ya kuma hana kowa shiga gonar da aka fesa har sai lokacin da takardar ta ƙayyade ya cika. A ƙasashe da yawa akwai zanen launi a gindin takardar, kuma ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya. A ganina, neman a sauya magani mai jan zane da wanda bai kai shi guba ba ya fi neman kayan kariya amfani, domin rigar roba a tsakiyar rana ba ta daɗewa a jikin kowa, kuma kariyar da ta dogara ga a jure mata kullum ba ta da tabbas. Akwai kuma cutar da ba ta bayyana sai bayan shekaru. A 1977 aka gano cewa wani maganin kashe tsutsar ƙasa mai suna DBCP yana hana maza haihuwa, amma aka ci gaba da amfani da shi a gonakin ayaba na Amurka ta Tsakiya da wasu wurare, kuma ma'aikatan da abin ya shafa sun kwashe gomman shekaru suna shari'a, inda ɗaya daga cikin manyan matsalolinsu ita ce tabbatar da gonar da suka yi aiki da shekarun da suka yi a cikinta.

Zafin rana ma kisa yake yi, sai dai ba a cika ɗaukarsa a matsayin haɗarin aiki ba. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka tsaya a kai ita ce ruwa da hutu da inuwa: kimanin kofi ɗaya na ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20, hutu a inuwa a kai a kai, sannan sabon ma'aikaci a ƙara masa aiki sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi ko ya suma a rana, a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take ana neman abin hawa, ba a jira a isa asibiti kafin a fara sanyaya shi. A tsakanin masu saran rake na ƙasashen Nikaragwa da El Salbado da ke Amurka ta Tsakiya an ga ciwon ƙoda yana kashe samari majiya ƙarfi, kuma bincike da dama ya danganta shi da aiki mai nauyi cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki. Wanda ke kare ma'aikata ya lura da cewa tsarin biya yana da hannu a nan. Idan aikin jinga ne, ana biyan mutum gwargwadon buhunan da ya cika ko layukan da ya nome, duk mintin da ya zauna a inuwa daga aljihunsa ya fita, don haka ba zai zauna ba ko an kafa masa rumfa. Sai an rubuta cewa hutun ma ana biyansa sannan rumfar za ta yi amfani. Tarakta mara ƙarfen kariya da ke kifewa, injin da aka cire wa murfi, sarar maciji da motar da ake cunkusa lebura a bayanta, duk suna cikin lissafi, kuma hanyar bin su ɗaya ce da ta sauran.

Wannan hanya kuwa littafi ne. Kowane ma'aikaci ya samu ɗan ƙaramin littafi, ko wani amintacce ya riƙe wa rukuni, a riƙa rubuta kwanan wata, lokacin farawa da na tashi, gonar da aka yi aiki, yawan abin da aka girbe, abin da aka yi alkawarin biya da abin da ya shigo hannu. Ranar da aka yi feshi a rubuta sunan maganin, ranar da wani ya ji rauni a rubuta waɗanda suke wurin, a ɗauki hoto da waya, a kuma roƙi likita ya rubuta a katin asibiti cewa a wurin aiki abin ya faru. Layi ɗaya da aka rubuta a ranar da abu ya auku ya fi nauyi a gaban alƙali fiye da dogon bayanin da aka tuno bayan wata shida, idan kuma littattafan mutum goma suka zo ɗaya, musu ya ƙare. A ajiye kwafi a wajen masaukin da mai gona ya bayar, domin wanda aka kora da daddare ba lallai ne ya samu damar tattara kayansa ba.

Sai batun doka. Dokar ƙasar da gonar take ita ce za a iya kai ƙara da ita, saboda haka a nemo dokar ƙwadago da ta diyyar rauni da ta mafi ƙarancin albashi, a duba ko sun haɗa da ma'aikatan gona da na wucin gadi, a kuma duba wa'adin shigar da ƙara, domin haƙƙi da yawa a nan yake salwanta. Yarjejeniyoyin duniya su ne ma'aunin da za a gwada dokar gida da shi. Yarjejeniya ta 184 ta ILO, ta shekarar 2001, ta ba ma'aikacin gona damar janye kansa daga aikin da yake da dalilin ganin zai jefa shi cikin babban haɗari nan take, ba tare da an hukunta shi ba; ta ce ma'aikacin lokacin girbi ya samu kariya daidai da na dindindin; ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun yin aikin gona mai haɗari. Ƙasashen da suka amince da ita ba su da yawa, kuma ba ta shafi mai noman abin da zai ci da iyalinsa ba. Ta 129, ta 1969, ta yi magana a kan sufetocin ƙwadago a gonaki, ta 95, ta 1949, ta wajabta biyan lada a kan kari tare da taƙaita abin da za a iya cirewa, 'yancin ma'aikatan gona na kafa ƙungiya kuwa tun 1921 aka rubuta shi a yarjejeniya ta 11. A 2022 ILO ta sanya lafiya da aminci a wurin aiki cikin haƙƙoƙi na asali da suka hau kan kowace ƙasa mamba, ko ta amince da yarjejeniyoyin da suka shafe su ko ba ta amince ba, kuma wannan hujja ce mai kyau a sa a kan wasiƙa.

Wajen kai kuka, a fara da mai gonar, da wasiƙa mai ladabi wadda ta ambaci buƙatu biyu ko uku da ranar da ake jiran amsa, kuma wakilai su je a rukuni don kada a ware mutum ɗaya a ce shi ne mai tayar da fitina. Masu gona da yawa suna gyarawa a wannan mataki, musamman idan aka nuna masu cewa tankin ruwa da rumfa sun fi asarar ma'aikaci a tsakiyar girbi sauƙi. Idan aka yi kunnen uwar shegu, sai ofishin sufeton ƙwadago, sannan kotu. Akwai kuma hanyar da ta bi ta kan masu saye. Ma'aikatan tumatir na garin Immokalee a jihar Fulorida ta Amurka sun matsa wa manyan kamfanonin abinci lamba har suka yarda su ƙara santi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala, a kan kowace labar tumatir don ya tafi ga masu tsinka, kuma a ƙarƙashin shirin da aka kafa a 2011, gonar da ta karya ƙa'ida tana rasa waɗannan masu saye. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki shi ne ma'aikata ne ke koya wa juna haƙƙinsu, kuma akwai layin waya na kai ƙorafi da ake bincika abin da aka faɗa a cikinsa.

A kowane mataki a tuna cewa ramuwar gayya a kan ma'aikacin take sauka, kai da ka zo daga waje kuwa za ka koma gidanka lafiya. Kada ka ba ɗan jarida ko hukuma suna ko hoton kowa sai ka bayyana masa abin da zai iya biyo baya kuma ya amince. Ɗan ci-ranin da aka karɓe wa fasfo ko aka ɗaure shi da bashin da ba ya ƙarewa yana cikin abin da ILO ke ɗauka alamar aikin tilas, kuma al'amarinsa yana buƙatar lauya kafin a yi kowace irin hayaniya. Matan da ake cin zarafinsu a gona su samu mace da za su gaya wa a keɓe, masu ciki da masu shayarwa kuma a nisanta su daga feshi ba tare da an rage masu lada ba. Game da yara, alƙaluman ILO da UNICEF na 2020 sun nuna cewa kashi 70 cikin 100 na yara miliyan 160 da ke aikin ƙarfi a duniya a harkar noma suke, kuma korar yaro daga gona ba tare da an gyara ladan iyayensa ba yakan tura shi wata gonar ce kawai.

Duk abin da aka cimma da mai gona a rubuta shi, ɓangarorin biyu su sa hannu, a karanta wa ma'aikata da harshensu, su kuma zaɓi wakilin lafiya daga cikinsu wanda zai riƙa duba ko ana cikawa. Tun da yawancin waɗanda suka yi gwagwarmayar bana ba lallai ne su dawo baɗi ba, a bar kwafin yarjejeniyar da littattafan a hannun ƙungiya ko wani mazaunin dindindin, sannan a koma gonar a makon farko na sabuwar kaka a karanta wa sababbin zuwa abin da aka sa wa hannu.