Yadda za ka gane haɗin atom na ƙarfe ba sai ka yi hadda ba

Masu shirin WAEC da NECO dan Allah ku bar haddace siffofin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, zane guda ne in ya zauna maka a kai sauran da kanka za ka fito da su.

Ɗauki biro ka jera da'irori layi-layi kamar yadda mai talla ke jera lemu a tire, ka sa alamar + cikin kowacce, sai ka yayyafa ɗigo a tsakaninsu. Da'irorin nan atom ne da suka saki ilektron ɗinsu na waje, ɗigon kuma su ne ilektron ɗin, wato ƴan ƙananan ƙwayoyi masu cajin −, ba na kowa ba ne yawo kawai suke ko'ina, kuma jan da ke tsakaninsu da masu + shi ke riƙe ƙarfen. Sodiyam ilektron 1 yake saki, magnesiyam 2, don haka jan magnesiyam ya fi ƙarfi, shi ya sa sodiyam ke narkewa wajen digiri 98 amma magnesiyam sai 650.

Toh yanzu nemo guntuwar wayar wuta ka fere robar. Jan ƙarfen ciki yana ɗaukar lantarki ne saboda masu yawon nan, su ne kuma ke kai zafi har cokalin da aka bari cikin miya ya ƙona hannu. Lanƙwasa ta, ka ga ba ta karye ba ko? Layukan ne ke zamewa kan juna ilektron na biye da su. Amma buga dunƙulen gishiri da guduma ka gani, tarwatsewa zai yi, don can ba masu yawo, masu + da masu − ne a jere bi da bi, da layi ya gusa sai + ta haɗu da + su ture juna.

Wajen gaurayen ƙarfe ne ɗalibai suka fi rikicewa, alhali ba wani abu ba ne. Koma zanenka ka cusa wata da'ira da ta fi sauran girma a tsakiyar layi, shi ke nan layin ya daina zamewa cikin sauƙi. Dalili ke nan da tagulla, wato jan ƙarfe da tutiya, ta fi jan ƙarfe zalla tauri. Na rodin gini daban ne kaɗan, kabon ne a ciki wanda bai kai kashi 2 cikin 100 ba, shi ƙarami ne sai ya maƙale a ƴan guraben da ke tsakani ya tokare layukan.

In ka samu lokaci ka leƙa Panteka wajen masu zuba tukwane. Alminiyam a digiri 660 yake narkewa, gawayi da zuga sun ishe shi, baƙin ƙarfe kuwa sai 1538, shi ya sa maƙeri gasa shi kawai yake ya yi ja ya hau bugu.