Yadda gida zai shirya wa koma bayan tattalin arziki

Masana kan ce ƙasa ta shiga koma bayan tattalin arziki idan jimillar abin da take samarwa ta ragu wata shida a jere. Sai dai alƙaluman kan fito ne bayan aikin gama ya gama. Koma bayan da ya fara a Amurka a Disambar 2007, sai a Disambar 2008 aka tabbatar da shi, lokacin ɗimbin ma'aikata na zaune a gida. Don haka ba a jiran sanarwa. In ka ga an daina ɗaukar sabbin ma'aikata, albashi ya fara latti, masu sayen kaya na roƙon a ɗaga musu biya, bankuna kuma sun fara rowar rance, to lokacin shiri ya yi.

Fara da lissafi. Tattara abin da gidan ya kashe a wata uku da suka wuce, ka kasa shi uku: na dole, kamar haya, abinci, magani, makaranta, kuɗin mota zuwa aiki da biyan bashi; sai wanda za a iya ragewa; da wanda za a iya dainawa gobe. Sai ka raba ajiyarka da kuɗin dole na wata guda. In na dole 100 ne, ajiyar kuma 250, wata biyu da rabi ke nan gidan zai iya riƙe kansa in kuɗi suka daina shigowa. Abin nema shi ne wata uku zuwa shida, kuma in mutum ɗaya ne ke ɗauke da gidan, a nemi shidan. Inda lissafin ya fi karkacewa shi ne kuɗin da ake biya sau ɗaya a shekara, irin su haya ko gyaran mota. A raba su gida 12 a saka cikin na wata, in ba haka ba ajiyar da ake zaton ta wata huɗu ce sai ta ƙare a wata biyu.

Daga nan sai bashi, wanda shi ne ya fi kayar da gidaje, domin albashi na iya raguwa amma abin da ake bin ka ba ya raguwa. Jera basussukan bisa yawan kuɗin ruwansu, ka riƙa biyan mafi ƙarancin da aka gindaya a kan kowanne, rarar kuma ka zuba kan mafi tsada. In ka hango ba za ka iya biyan na wata mai zuwa ba, je wurin mai bin ka tun wa'adi bai cika ba. Wanda ya zo da wuri ana iya tsawaita masa lokaci. Wanda ya ɓuya tara ke jiransa. Amma kar ka kwashe ajiyar kaf don kashe bashi mai sauƙin ruwa, ka zauna hannu wayam. Kuma kar a jinginar da gida ko kayan sana'a don cefane.

Inda za a ajiye kuɗin ya danganta da ko farashi na hauhawa. In ciniki ne kawai ya mutu, tsabar kuɗi ta fi komai daraja, sai a raba ta a banki biyu, kowanne ƙasa da adadin da inshorar ajiya ke biya in banki ya durƙushe. In kuwa tsada ta haɗu da rashin aiki, kamar yadda aka gani bayan tashin farashin mai na 1973, a mayar da kuɗin wata ɗaya ko biyu zuwa kayan masarufi marasa saurin lalacewa.

Hanyar samu ta biyu tana da amfani ne kawai in ba reshe ɗaya take da ta farko ba. Miji da mata a masana'anta ɗaya, rana ɗaya za a iya sallamarsu. Ɗan kasuwa kuma ya rage jibge kaya, ya taƙaita sayarwa bashi, don shago mai riba a littafi na iya rufewa saboda babu kuɗin sari a hannu. In ta kai ga sayar da kadara, a fara da kayan ƙawa, kayan aiki su zama na ƙarshe.

A matakin al'umma, gidaje goma da suka haɗa kuɗi suka yi sari sun tsallake ribar ɗan tsakiya. Asusun taimakon juna ma yana aiki, muddin an rubuta dokokinsa, mutum biyu ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi, kuma ba a ranta wa mutum ɗaya fiye da kashi goma cikin ɗari. Rauninsa shi ne in duk 'yan ƙungiyar sana'arsu ɗaya, tare za su shiga matsi, kowa na neman rance babu mai zubi, don haka a gauraya masu sana'o'i daban-daban.

A kuma yi hattara da masu alƙawarin riba tabbatacciya duk wata, domin da zubin sababbi suke biyan tsofaffi. Irin wannan damfara ta Bernard Madoff, wani dillalin hannun jari a Amurka, ta tonu a Disambar 2008 ne saboda masu zuba jari sun nemi kuɗinsu lokaci guda, aka tarar babu su.