Darasi na Shida: Takardar Asalin Kaya da Kuɗin Fito

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa da kaya a bakin iyaka ya san cewa abu biyu ne ke cinye riba, wato kuɗin fito da kwanakin da mota ke yi tana jiran sa hannun kwastan. Yarjejeniyar ciniki alkawari ce da ƙasashe ke ƙullawa a rubuce domin rage waɗannan biyun, kuma wadda ta fi shafar mu ita ce ta ƙungiyar ECOWAS, wadda ake kira ETLS. An fara ta a 1979 da amfanin gona, dabbobi da kayan sana'ar hannu, sannan a 1990 aka shigar da kayan masana'antu.

Ka'idarta ita ce kayan da aka noma ko aka ƙera a ƙasa ɗaya ta ƙungiyar su shiga wata ba tare da biyan kuɗin fito ba. Saboda haka tambayar farko da jami'in kwastan zai yi ita ce: daga ina asalin kayan nan yake?

Idan albasar Aliero ce, ko citta daga kudancin Kaduna, ko takalman fata da dukawan Kano suka ɗinka, sha'anin yana da sauƙi, domin amfanin gona da dabbobi da aikin hannu ba a neman musu takardar shaidar asali. Wannan sassauci babba ne, ko da yake masu lodi da yawa ba su san da shi ba, har su riƙa biyan abin da ba a bin su. Amma takardar lafiyar tsirrai ko ta likitan dabbobi tana nan daram, ita kuwa ba ta da alaƙa da haraji.

Kayan masana'anta su ne ke buƙatar natsuwa. Mu ɗauka kana da ƙaramin kamfanin sabulu a Sharaɗa, kana so ka kai Akara ta iyakar Seme, ka ratsa Benin da Togo, ka shiga Ghana ta Aflao. Da farko za ka nemi amincewar kwamitin ƙasa mai tantance irin waɗannan kaya, wanda a Najeriya yake ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, kuma kowane samfurin kaya ana amincewa da shi ne da sunansa. Ɗaya daga cikin hanyoyin cancanta ita ce a nuna cewa aikin da aka yi a gida ya kai aƙalla kashi 30 cikin 100 na farashin kayan a ƙofar masana'anta. Wato idan katan ɗaya ya tashi a naira 10,000, to darajar da aka ƙara a cikin gida kada ta gaza naira 3,000. Wanda ya sayo sabulun waje ya sauya masa kwali kawai bai cika wannan sharaɗi ba, kuma daidai ne a hana shi, don ba a yi tsarin domin masu sake lulluɓi ba. Bayan amincewa ne ake ba ka takardar shaidar asali, wadda za ta bi kayan har inda za a sauke su.

Kada ka ɗauka an yafe komai. Harajin VAT na ƙasar da ka shiga yana nan, haka ma rajista da NEPC, hukumar Najeriya mai bunƙasa fitar da kaya waje, da cike fom ɗin NXP na bayyana kayan da za ka fitar ta bankinka kafin kaya su bar gida. Gwamnati ma takan rufe ƙofa duk da alkawari, kamar yadda Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020.

Mai son wuce Afirka ta Yamma, zuwa Kamaru ko Kenya alal misali, sai ya dubi yarjejeniyar ciniki ta nahiyar Afirka, wato AfCFTA, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu 2021. Ita tana sauke haraji ne sannu a hankali cikin shekaru, kuma tana da tata takardar asalin daban.

Aikin gida: ka rubuta sunan kaya guda da ake yi a garinku, ka faɗi ko na gona ne, na hannu ko na masana'anta, sannan ka rubuta takardun da zai buƙata kafin ya isa Aflao.