Yadda ake zagaya kogon Jeita ba tare da ka yi ƙauyanci ba

Mu ’yan ƙauyukan Birnin Kudu in an ce kogo ai Dutsen Habude ko Dutsen Mesa ke faɗo mana, inda mutanen zamanin da suka bar zanen shanu a jikin dutse. To na Jeita a ƙasar Lebanon daban yake, irin farin dutsen nan ne da ake siminti da shi a Ashaka, ruwa ya yi ta cinsa a hankali har ya huda rami kusan kilomita 9.

Da farko ka duba lokacin tafiya. Kogon hawa biyu ne, na ƙasa a kwalekwale ake shiga kuma in ruwa ya cika da hunturunsu rufe shi suke, sai ka yi asarar rabin kallo. Daga Beirut bai wuce kilomita 20 ba.

Sai kaya, ɗan uwa ka ajiye silifas ɗin nan ka sa kambas don ƙasan da damshi, ka riƙe rigar sanyi ko da a waje ana zufa. Waya kuma lokacin da na je a ƙofa aka sa na bar ta, an hana hoto a ciki, ni ma abin ya min ciwo wallahi amma gara haka, ido ya fi natsuwa.

Fara da na sama wanda aka gano a 1958, a ƙafa ake bi. Nan fa kar ka yi sauri. Ɗaga kai za ka ga duwatsu sun rataye kamar kakin kyandir ya daskare, wani ya haura mita 8, ɗigon ruwa ne ya gina shi kaɗan-kaɗan, abin da a shekara ɗari da ƙyar yake ƙara tsawon gaɓar yatsa. Don Allah kar ka shafa, maiƙon hannunka kaɗai ya isa ya ɓata wurin.

Daga nan ka gangara kwalekwale. Ta wannan ɓangaren wani Ba’amurke William Thomson ya leƙa a 1836, ya harba bindiga ya ji amon ya ƙi ƙarewa, ya gane abin da zurfi. Yaƙin basasa ya sa an rufe wurin sai 1995 aka sake buɗewa. Ruwan da kake kai ɗin nan shi mutanen Beirut ke sha, saboda haka ɓawon gyaɗarka ya zauna a aljihu.