Matakan haɗa kunshin Mutt na Debian

An sha tambayar yadda ake haɗa Mutt, manhajar imel ta layin umarni, ya zama kunshin .deb, wato fayil ɗin girka manhaja a Debian, wani nau'in tsarin Linux. Ga yadda ake yi:

1. Girka kayan aiki: build-essential, devscripts, dh-make da lintian.
2. Sauke mutt-2.2.13.tar.gz tare da fayil ɗin sa hannunsa.
3. Tantance sa hannun da gpg --verify. Kada ka tsallake wannan, kalmar sirrin mutane ce za ta ratsa manhajar.
4. Warware fayil ɗin, ka shiga jakarsa.
5. Buga dh_make -f ../mutt-2.2.13.tar.gz
6. A debian/control, sa libncurses-dev, libgnutls28-dev da libsasl2-dev cikin Build-Depends.
7. A debian/rules, ƙarƙashin override_dh_auto_configure, rubuta dh_auto_configure -- --enable-imap --enable-smtp --with-gnutls --with-sasl

Hattara: layin da ka rubuta a mataki na 7 da Tab yake farawa. In ka sa sarari, make, manhajar da ke karanta debian/rules, zai tsaya cak. In kuma ka manta --enable-smtp, kunshin zai haɗu lafiya lau, amma aika saƙo sai an dogara da wata manhajar aika imel kamar sendmail.

8. Buga debuild -us -uc
9. Duba kurakurai da lintian.
10. Girka kunshin, ka buga mutt -v, ka tabbatar akwai +USE_IMAP (na karɓar saƙo) da +USE_SMTP (na aika saƙo).