Yadda za ka zaɓi manhajar zana allon lantarki na PCB

Duk ƙarshen zangon karatu ɗalibai sukan cika min shago a Tudun Wada, yawancinsu daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kowa da aikinsa na kammalawa a hannu. Wani cajar batirin sola, wani na'urar kunna famfo idan tanki ya yi ƙasa. Sun gaji da liƙa wayoyi a bayan Veroboard, allon gwaji mai ramuka da ake saya a shirye, suna son allo mai tsafta irin wanda suke gani a cikin inbata, wato PCB, allon da layukan tagulla ke haɗa kayan da ke kansa maimakon wayoyi. Tambayar kullum ɗaya ce: "Malam, wace manhaja ce ta fi?" Ni kuma sai in ce su zauna tukuna, domin akwai abin da za a fara sani kafin a kai ga sunan manhaja.

Mataki na farko: ina za a yi allon?

Wannan shi ne ginshiƙin zaɓin. Idan a gida za ka yi, wato ka buga zanen da firintar leza a takarda mai santsi, ka manna shi a allon tagulla da dutsen guga, sannan ka tsoma a ruwan sinadarin da ke cinye tagulla, to yawanci allonka mai fuska ɗaya ne. Abin da kake buƙata shi ne manhajar da za ta ba ka damar faɗaɗa layuka, ka girmama wuraren liƙa dalma, kuma ta fitar da zanen baƙi wuluk a daidai girmansa, tare da damar juya shi kamar a madubi. Kusan kowace manhaja tana yin wannan.

Idan kuwa masana'anta za ka tura, kamar waɗanda ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, ba ruwansu da manhajar da ka yi amfani da ita. Fayilolin Gerber suke karɓa, kowane ɓangare na allon da fayil ɗinsa, sai kuma fayil ɗin ramuka na Excellon. Duk manhajar da ba ta fitar da waɗannan biyun ba tare da wahala ba, ka ajiye ta.

Mataki na biyu: dubi kwamfutarka, wutarka da datarka

A nan ne shawarar mutanen waje takan sha bamban da halin da muke ciki. EasyEDA tana aiki a cikin burauza, ba sai ka sauke komai ba, kuma ko tsohuwar laftof tana ɗaukarta. Amma wannan sauƙin yana rataye ne da intanet. Ranar da sabis ya yi rauni kana tsakiyar jan layi, za ka gane. Tana da nau'in da ake girkawa a kwamfuta, kuma shi nake ba wa ɗalibai shawara su ɗauka idan sun zaɓe ta.

KiCad kuwa sau ɗaya za ka sha nauyin saukewa, don fayil ɗin babba ne, musamman saboda siffofin kayan haɗi da ke cikinsa. Mutum ɗaya ya sauke, goma su kwafa a filasha, kuma halal ne, domin lasisinta ya yarda da hakan. Daga nan ko an ɗauke wuta, muddin batirin laftof na da rai, aiki na tafiya. Tana hawa Windows da Linux da macOS.

Mataki na uku: kuɗi da lasisi

Ba zan ɓoye ba, KiCad ce zaɓina ga mafi yawan masu farawa. Wani malami a Faransa, Jean-Pierre Charras, shi ya fara ta a 1992, daga baya cibiyar binciken CERN ta sa hannu wajen inganta ta. Kyauta ce gaba ɗaya, ba ta ƙayyade maka girman allo, kuma tana iya ɗaukar hawa 32 na tagulla, alhali kai biyu ma sun ishe ka shekaru.

Eagle ta yi tashe a da, shi ya sa tsofaffin darussa a YouTube suka cika da ita. Kamfanin Autodesk ya saye ta a 2016, sannan ya sanya 7 ga Yuni, 2026 a matsayin ranar daina tallafa mata, ya mayar da aikin cikin wata manhajarsa mai suna Fusion. Mai farawa yau bai kamata ya zuba lokacinsa a kanta ba. Altium Designer ta manyan kamfanoni ce, Windows kawai take hawa, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin ɗalibi ko ƙaramin shago.

Sai batun da ke damuna: manhajar sata. Na san ana yawo da su a filasha. Na taɓa rasa zanen mako biyu saboda irin wannan kwafin ya shigo min da cutar kwamfuta, tun daga ranar ban sake ba. Ga kuma haƙƙin masu ita. Tunda ga halastacciya kyauta, babu dalilin ɗaukar wannan nauyi.

Mataki na huɗu: kana buƙatar gwaji kafin haɗawa?

Ɗalibai da yawa sun saba da Proteus ta kamfanin Labcenter na Ingila, saboda tana iya gudanar da shirin da ka rubuta wa ƙwaƙwalwar na'ura irin su PIC ko Arduino a kan fuskar kwamfuta, ka ga fitila na ƙyaftawa tun ba ka sayi ko rezisto ɗaya ba. Wannan baiwa ce ta gaske, amma ta kuɗi ce. KiCad tana gwada da'irori irin na rezisto da kafasito da taranzisto ta hanyar manhajar gwaji da ke cikinta mai suna ngspice, sai dai ba ta gudanar da shirin ƙwaƙwalwar na'ura. Idan makarantarku na da Proteus mai lasisi a ɗakin gwaji, yi gwajin a can, ka zana allon a inda ka ga dama.

Mataki na biyar: taskar kayan haɗi

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Kowane abu da za ka liƙa yana da sawunsa a kan allo, wato tazarar ƙafafunsa da girman ramukansa. Ƙarfin EasyEDA shi ne tana haɗe da rumbun kayan LCSC da masana'antar JLCPCB, don haka idan so kake a liƙa maka ƙananan kaya a can, ita ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma mu nan Kaduna sau da yawa abin da ka samu a kasuwa shi za ka sa, ko ma wanda ka ciro daga tsohon allo. Rile, wato makunnin da lantarki ke kunnawa da kashewa, ko taransifoma da ka saya ba lalle ya dace da sawun da ke cikin taska ba. Saboda haka ka zaɓi manhajar da za ka iya zana sabon sawu a cikinta da kanka, kuma ka fara sayen kayan kafin ka zana allon. Ƙafafun IC na gargajiya, wato ƙananan baƙaƙen kayan nan masu ƙafafu jere a gefe biyu, tazararsu milimita 2.54 ce, amma sauran kaya sai ka auna.

Mataki na shida: gwada biyu da ƙaramin aiki

Ware yammaci biyu. Ɗauki da'irar IC 555 mai sa fitila ƙyaftawa, ka yi ta a KiCad yau, gobe a EasyEDA. Zana da'irar, sa manhaja ta duba kurakuran haɗi, ka wuce zuwa allo, ka jera kaya, ka ja layuka, sannan ka kunna mai binciken ƙa'ida ya nuna maka inda layuka suka matsu da juna. Fitar da Gerber, ka buɗe shi a manhajar duba Gerber ka tabbatar ramuka sun zauna a tsakiyar wurarensu. Wadda ka kai ƙarshe da ita ba tare da ka nemi taimako sau goma ba, ita za ka riƙe, kuma ka yi aƙalla allo uku a kanta kafin ka waiwayi wata.

Kafin ka biya kuɗin masana'anta ko ka kunna dutsen guga, buga zanen a farar takarda a ainihin girmansa, ka shimfiɗa ta a kan soso, ka soka ƙafafun kowane kaya a raminsa. Idan rile ya ƙi shiga takarda, koma ka gyara sawunsa, ka sake bugawa har sai kowace ƙafa ta faɗa wurinta.